Waiwaye Adon Tafiya: Darussan Da Aka Koya Mana

Kwanan baya ina gyara wani tsohon akwati sai na ci karo da katin sakamakona na aji uku, na shekarar 1972. Gara ta ci gefensa, amma jerin darussan yana nan. Da na zauna na duba shi, sai na ga ashe tarihin makarantarmu ne a rubuce, shi ya sa na ce bari in kawo shi wannan mujalla tamu.

Darasin farko a katin shi ne Ilmin Littafi Mai Tsarki, wanda muke kira Bi-Ke. Ba banza aka sa shi a sama ba. Mishan ɗin da ya haifi ekklesiyarmu ta Lutaran daga ƙasar Danmak ya zo, kuma Dakta Niels Bronnum ya sauka a Numan a 1913. Abin da ya dame su a lokacin shi ne mutum ya iya karanta Maganar Allah da kansa. Wannan kuwa gado ne daga Martin Luta, wanda ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, ya kuma rubuta wa shugabannin biranen Jamus a 1524 cewa su buɗe makarantu don yara maza da mata. Saboda haka iyayenmu da suka shiga ajin mishan na farko karatu da rubutu da ɗan ƙidaya suka koya, sai tsafta da waƙa. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, shi ya zama babban littafin karatunsu.

Mu da muka shiga sakandare a 1970, wani ubangida muka tarar, wato hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1952. Ita ke yanke abin da za a koyar. Turanci shi ne sarkin darussa, domin wanda ya faɗi a cikinsa ya ɓata takardarsa, ko da ya haye sauran. Akwai Adabin Turanci, inda muka sha fama da Shakespeare, har ranar da aka miƙo mana littafin Chinua Achebe na 1958, muka ga ashe ƙauye irin namu ma yana shiga littafi. Tarihi shi ma a hannunmu ya juya. Yayyenmu sarakunan Ingila suka haddace, mu kuwa daulolin Gana da Mali da Songhai da Borno muka karanta, da jihadin Shehu Usmanu na 1804, da yadda Modibbo Adama ya kafa masarautar da jiharmu ta ci sunansa.

Lissafi ne ya fi ba mu wuya. Mun taso muna ƙirga kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka kawo naira da kwabo, sai duk wahalar nan ta zama tarihi muna aji huɗu. A zamanin ne kuma aka shigo da lissafin zamani mai da'irori da rukunai, wanda iyaye suka kasa gane kansa, har gwamnati ta soke shi a 1977. A ɓangaren kimiyya muna da Bayoloji da Kemistiri da Fizis. Ba na manta kwaɗin da muka kamo a fadama muka feɗe, da yadda malamin Labarin Ƙasa ya tsayar da mu a bakin ruwa ya nuna mana inda Gongola ke zuba cikin Binuwai. Aikin Gona kuwa da fartanya ake yin sa, kowa da kunyarsa ta gyaɗa.

Amma akwai darasi guda da na nema a katin ban gani ba, wato harshenmu. A ɗakin kwana ɗaya akwai Bachama da Mbula da Lunguda da Chamba da Yungur da Kanakuru, amma kamar yadda ake yi a makarantun sakandare na wancan zamani, duk wanda aka kama yana yarensa sai ya sha horo. Ni kaina na yanke ciyawa yini guda saboda na gai da ƙanen mahaifiyata da Bachamanci. Abin mamaki, Bronnum da kansa ya juya Bisharar Markus zuwa Bachamanci tun 1915. Mu jikokin wannan aiki muka fita muna rubuta Turanci tsaf, amma yawancinmu ba za mu iya rubuta wa iyayenmu mata wasiƙa da harshen da suka yi mana reno da shi ba. Ban ɗora wa malamanmu laifi ba, jarrabawa ce ta ɗaure musu hannu. Sai dai yau jikokina ba sa jin ko gaisuwa, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Bayanmu abubuwa sun ci gaba da sauyawa. Gwamnati ta karɓi makarantun mishan a shekarun 1970, aka kawo tsarin 6-3-3-4 a 1982, aji biyar ya koma shida, Bi-Ke ma ya sake suna.

Ina da roƙo biyu ga ƙungiyarmu. Na farko, duk mai tsohon kati ko jadawalin darussa ko littafin rubutu ya kawo wa sakatare a taro mai zuwa, mu adana kafin gara ta gama da su. Na biyu, idan mun tashi tara gudummawa, kada mu tsaya kan fenti da kujeru kawai. Mu ware wani abu don a biya malamin da zai koya wa yara karatu da rubutu da harsunan iyayensu, ko da sau ɗaya ne a mako.

Malamanmu da ke raye, Allah ya ƙara muku lafiya. Waɗanda suka riga mu, Allah ya ba su hutawa.