Hayar gida a Yamai: yadda ake yin ta da abin da ke sa ta tsada

Duk wanda aiki, karatu ko kasuwanci ya ɗauko daga Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya kawo Yamai, abu na farko da yake cin karo da shi shi ne neman wurin kwana. Magidanta da yawa a babban birnin zaman haya suke yi, kuma bayan abinci babu abin da ke cin albashinsu kamar kuɗin gida. Ga bayani kan ire-iren gidajen haya, dalilan tsadarsu, da abin da ya kamata mutum ya sani kafin ya karɓi makulli.

Birnin da ya fi ƙarfin gidajensa

A 1926 ne Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram suka maido shi Yamai. Lokacin samun ƴancin kai a 1960, mazauna garin ba su wuce kimanin 30,000 ba. Ƙidayar 2001 ta sami mutum 707,951, ta 2012 kuma 1,026,848. Ke nan a tsakanin ƙidayoyin biyu, kusan mutum 30,000 ke ƙaruwa kowace shekara, wato kamar a ɗauko Yamai ta 1960 a ɗora wa birnin duk shekara.

Haihuwa ce kan gaba a wannan ƙaruwa, sai ƴan ci-rani da ke shigowa bayan kaka, da ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni, da ma'aikatan ma'aikatun gwamnati. A shekarun baya-bayan nan kuma an sami iyalai da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan jihar Tilaberi. Gidaje ba su ƙaru daidai da jama'a ba, kuma inda masu nema suka fi abin sayarwa yawa, mai kaya ne ke yanke farashi.

Ire-iren gidajen haya

Mafi arha shi ne ɗaki guda na laka a cikin gidan yawa, wanda ake kira antire-kushe, inda ake tarayya a ban-ɗaki da famfo. Sai shambur-salon, ciki da falo, wanda ƙananan ma'aikata da sababbin ma'aurata suka fi nema. Jerin ɗakunan da ake ginawa a tsakar gida ɗaya don haya ana ce musu selibateriyom, kodayake ba gwauraye kaɗai ke cikinsu ba, iyalai ma sun cika su. A sama akwai bila, gida mai katanga da ƙofarsa shi kaɗai.

Kayan gini ma na raba farashi: ginin laka, ginin laka da aka yi wa shafen siminti, da ginin bulo zalla. Haka unguwa. Filato da Kwara Kano, inda ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa ke kama gidaje, sun fi ko'ina tsada. Tsofaffin unguwanni irin su Bukoki, Yantala da Talaje suna da cunkoso, amma suna kusa da kasuwanni. Masu neman sauƙi kan nufi gefen gari, irin su Kwara Tegi da Yamai 2000, ko su ƙetare kogin Isa zuwa Harobanda, a da'ira ta biyar.

Me ke sa haya tsada

Na farko fili. Mutane da dama na sayen filaye su ajiye su a matsayin jari, suna jiran farashi ya tashi. Wannan ya sa gari ke ta faɗaɗa alhali fegi da yawa babu gini a kansu, wasu unguwannin kuma an yanka su tun kafin ruwa da wuta su isa.

Na biyu kayan gini. Nijar na da masana'antar siminti a Malbaza, amma ƙarfe, kwano, fenti da tayil galibi daga waje suke zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Benin, kayan da ke bi ta tashar ruwan Kwatano sun koma dogon zagaye ta Lome da Burkina Faso. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta rage farashin siminti, sai dai saukar siminti ba ta nufin haya za ta sauka nan take, domin gini na ɗaukar shekaru.

Na uku rashin bashin gini mai dogon zango. Akasarin masu gidaje da kuɗin aljihunsu suke gini, ɗaki bayan ɗaki, kuma suna so su maida kuɗinsu da wuri. Kamfanin gwamnati na SONUCI ya daɗe yana gina rukunin gidaje, an kuma buɗe bankin gidaje na BHN a 2018, amma bashin banki na buƙatar albashi tsayayye, abin da ƴan tebur, masu aikin hannu da leburori ba su da shi.

Na huɗu ambaliya. A 2012 da 2020 kogin Isa ya cika ya shiga unguwannin da ke bakinsa, irin su Lamorde, Karaje, Kirkisoy da Saga. Damanar 2024 ma ta rusa gidaje masu yawa a faɗin ƙasa. Duk gidan laka da ya faɗi, ɗaki mai arha ne ya fita daga kasuwa, mazaunansa kuma sun shiga layin masu nema.

Lissafin aljihu

Masana harkar gidaje kan ce bai kamata haya ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu ba. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, SMIG, ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun Janairun 2024. A wannan ma'auni, mai irin wannan albashi jika 14 ce iyakar abin da zai iya biya a wata ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba.

A Yamai wata-wata ake biyan haya, ba shekara-shekara kamar a Kano ba, amma shiga gidan ne ke da nauyi. Mai gida kan nemi abansi da kosiyo na wasu watanni, dillali kuma yana da ladansa. Mu ɗauki misali: ɗakin jika 30 a wata, mai gida ya nemi wata uku, dillali ya karɓi kwatankwacin wata ɗaya. Jika 120 ke nan kafin a shimfiɗa tabarma, kusan albashin wata uku na mai SMIG.

Arhar gefen gari ma tana da nata farashi. Wanda ke nesa da wurin aiki zai biya taksi ko faba-faba zuwa da dawowa, da kuɗin kai yara lakwal. Idan famfo bai iso ba, sai sayen ruwa wurin ƴan ga-ruwa, wanda ya fi na famfo tsada. Sau da yawa abin da aka rage a haya a nan yake tafiya.

Doka da hattara

Akwai doka kan hayar gidaje, amma yawancin haya da baki ake ƙulla ta, ba takarda. Idan rigima ta taso kan ƙarin kuɗi ko tashi, wanda ba shi da shaida shi ke shan wahala. Don haka:

A rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, da kuɗin wata, ranar biya, adadin kosiyo, sharaɗin maido shi, da wa'adin sanarwa kafin tashi.

A karɓi rasit duk lokacin da aka biya, a adana shi.

A tabbatar wanda ake ba kuɗi shi ne mai gidan ko wakilinsa. Kada a ba dillali abansi kafin a ga gida da mai shi.

A duba ko akwai tsohon bashin wuta na Nigelec ko na ruwa. Idan kontar ɗaya ce ta gidan duka, a san yadda ake raba kuɗin.

A zagaya ɗakin tare da mai gida a rubuta duk abin da ya lalace, don kada a zare shi daga kosiyo ranar fita.

A tambayi maƙwabta inda ruwa ke kwanciya da damana. Gidan da aka gani da rani, watan Agusta ne ke nuna halinsa.