Faifan Farko: Yadda Muryar Adar Ta Shiga Na'ura

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada da ke ba Bahaushe mamaki in ya ji ta. Saurayi mawaƙi, musamman mai kakkaurar murya da ke tasowa daga ƙirji, in ya gama koyon waƙa ba ya fara fitar da tasa. Sai ya nemi makaɗin fiyano guda ɗaya, su shiga ɗakin ɗaukar murya, ya rera waƙoƙin mutanen da suka riga kakan kakansa barin duniya. Sau da yawa na Franz Schubert ne, mutumin Viyana da ya rasu a 1828 yana ɗan shekara 31, ya bar waƙoƙi fiye da 600. Masu sauraro sun haddace su, sun ji su a bakin manya irin Hans Hotter da Dietrich Fischer-Dieskau, don haka faifan farko na saurayin tamkar shiga filin kokowa ne a gaban tsofaffin ƴan kokowa: kowa ya san kamun, abin da ake jira shi ne a ga yadda yaro zai yi shi. Bryn Terfel, ɗan manomi daga yankin Wales na Birtaniya, ta wannan ƙofa ya shigo, bayan ya ci kyautar irin waɗannan waƙoƙi a gasar Cardiff ta 1989.

A Adar abin bai taso haka ba. Ɗauki Barmu, arewa maso gabas da birnin Tawa, inda gonakin hatsi ke fara sirancewa kafin a shiga makiyayar Azawak, inda Bahaushe da Buzu da Bafillace ke cin kasuwa ɗaya. A nan waƙa ta mai ita ce. Ba wanda zai tsaya gaban sarki ko gaban manoma ranar gayya ya rera waƙar wani makaɗi a ce ya yi abin kirki. Sai a ce aro ya yi. Yaro mai son waƙa bayan ubangidansa yake tsayawa, ya ɗauki kayan kiɗa, ya yi amshi shekara da shekaru, har ranar da tsufa ko mutuwa za ta ba shi gaba. Musa Ɗanƙwairo da kansa, wanda Adarawa suka sani kamar ɗan garinsu, a bayan mahaifinsa da yayansa Kurna ya tsaya kafin ya ja tasa ƙungiya. Jarrabawar saurayi a wurinmu fili ce: biki, suna, naɗin sarauta, dandalin dambe. Abin da aka rera ya bi iska, sai wanda ya zauna a kan mutane.

Kuma fili yana da irin muryar da yake so. Wanda zai yi waƙa a sarari, ba rufi ba bango, kalangai na kuka, mata na guɗa, dole muryarsa ta zama siririya mai kaifi, ta hau bisa ganga. Shi ya sa in Bahaushe zai yabi mawaƙi yake cewa zaƙin murya gare shi. Mai babbar murya, irin wadda Turawa ke gina wa faifai guda, a wurinmu galibi cikin ƴan amshi ake samun sa, yana riƙe wa waƙa gindi. Duk wanda ya saurari tsofaffin waƙoƙin fada da kunnen basira zai ji cewa rabin daɗinsu daga wannan gindi yake. Amma wa ya san sunayensu? Ko a Turai ma na'ura ta daɗe tana nuna son kai. Lokacin da Enrico Caruso ya yi faya-fayensa na garmaho a Milan a 1902, cikin wani bututu ake zuba murya, mai ƙarfin huhu shi ke cin riba. Sai da makirfo ya shigo aikin a 1925 sannan mai rera waƙa ƙasa-ƙasa ya samu wurin zama.

Waɗanda suka fara kawo na'urar ɗaukar murya ƙauyukan Nijar da niyyar adana kiɗa baƙi ne. A 1963 Tolia Nikiprowetzky ya zagaya ƙasar da rakoda a madadin hukumar Ocora ta Faransa, aka fitar da faifai na kiɗan maroƙa da wani na Buzaye da Bororo mai suna Nomades du Niger. A daidai wannan lokaci David Ames, Ba'amurke, yana irin wannan aiki a ƙasar Zazzau da Katsina. Ita kuwa Nicole Echard Adar ɗin kanta ta zauna, ta yi fim a kan maƙeranta, daga baya a 1989 ta fitar da littafi a kan borin Adar da Kurfai. Aikinsu ya yi amfani, ba na musu. Ba don su ba da wasu kiɗe-kiɗen sun tafi ba ko alama. Amma faifan ba na mawaƙin ba ne. Don ɗakunan karatu da masu sha'awa a Paris aka buga shi, abin da ake nema a ciki shi ne "kiɗan ƙabila kaza", kuma da wuya wanda aka ɗauka ya taɓa riƙe shi a hannu, balle ya ji kansa.

Rediyo ce ta fara maido wa mutane muryarsu. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, a 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraro a garuruwa, ma'aikata na yawo da rakoda suna ɗaukar maganar talakawa ana sakawa. A shekarar nan ce kuma gidan rediyon Kaduna ya fara aiki, kuma iyaka ba ta tare iska: Shata da Narambaɗa da Ɗan Anace suka shiga zaurukan Adar ta akwati mai batir. Daga nan ma'anar suna ta canza. Dā makaɗi sanannen ƙasarsa ne, iyakar inda ƙafarsa ko jakinsa ya kai. Yanzu wanda aka ji a rediyo shi ne babba. Ɗan Gurmu ya zama muryar Adar a kunnen Zabarmawa da Barebari, Ma'azu Ɗan Alalo ya zama ta Damagaram, Albarka Cibau kuma, wanda gidan matasa da al'adu na Tawa ke ɗauke da sunansa, da tatsuniya ya ci ƙasar.

Sai dai mai rediyo gwamnati ce, kuma wanda ya ba ka makirfo yana da abin da yake so ka faɗa. Bayan juyin mulkin 1974, gidan Rediyon Nijar ya koma Muryar Sahel, Seyni Kountché ya farfaɗo da samariya, aka riƙa tara matasan jihohi suna gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Waƙoƙin haɗin kan ƙasa, na noma, na dashen itace suka cika faya-fayen gidan. Wasu sun yi daɗi ƙwarai, wasu kuwa jawabin gwamna ne aka sa wa kalangu. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa karo na farko, a nan Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, kuma tun daga lokacin filin kokowa ya zama wata makarantar da ƙasa duka ke jin makaɗa da masu kirari kai tsaye. Saurayin da aka ɗauki muryarsa a wannan zamani ya samu suna, amma faifan yana can cikin ma'ajiyar gwamnati a Yamai. In an so a saka, in ba a so ba shi ke nan.

Kaset ne ya karya wannan. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, amma a hannun ƴan ci-rani ya iso Adar. Ba'adare dai ba a raba shi da tafiya: in an gama girbi sai Abijan, Legas, Kano, daga baya Libiya. Mai dawowa yana tafe da bargo da agogo da rakoda mai cin batir shida, ya ajiye ta a tsakar gida ranar bikin ƙanwarsa, ya danna. Wannan shi ne faifan farko na mawaƙan ƙauye da yawa: kukan jarirai a ciki, haushin kare, wani na kiran a kawo ruwa. Da kaset ɗin ma ake aika saƙon baki ga wanda ke can gaɓar teku, tsohuwa ta yi gaisuwa a fuska ɗaya, a cika ɗaya fuskar da waƙar gida. Masu rumfa a kasuwa suka riƙa kwafa suna sayarwa, ko dala ba ta isa ga mai waƙar. Shi ma bai cika damuwa ba, don abincinsa a fili yake, wurin kari da kyautar riga da doki. Kaset talla ce kawai.

Tunanin cewa matashi zai yi faifai nasa na kansa, da sunansa da hotonsa, ya zo ne a makare. A 1987 aka ƙirƙiro gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, wadda Tawa ta sha karɓar baƙuncinta, ba da jimawa ba kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai da tallafin Turai. Daga wannan tukunya aka samu su Fati Mariko, Yakuba Mumuni, Musa Pusi, Sa'adu Bori na Maraɗi, da Abdussalam na Tawa wanda ya ɗauko gurmi da kiɗan tande ya haɗa da kayan zamani. A 1994 kamfanin Stern's na Landan ya fitar da Niamey Twice na Sa'adu Bori da Musa Pusi. Abin lura shi ne, waɗannan matasa sun ɗan kusanci al'adar nan ta Turawa ba tare da sun nufa ba: sun koma ga kiɗan bori da na gargajiya, suka sake masa riga.

Wanda ya fi kowa nuna inda aka dosa kuwa ɗan arewacin jihar Tawa ne, Mahamadu Sulaiman, da duniya ta sani da Mdou Moctar. Bahago ne, gitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta. A 2008 ya tsallaka Sakkwato, ya shiga irin ɗakunan da ake buga waƙoƙin fina-finan Hausa, ya ɗauki waƙoƙinsa na Buzanci da gangar kwamfuta da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Faifan, mai suna Anar, ba kamfanin da ya buga shi a lokacin. Daga waya zuwa waya ya bi, ta Bluetooth da katin memori, har ya kai arewacin Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince shi, ya sa waƙa ɗaya cikin tarin da ya fitar a 2011, sannan ya shiga neman mai ita. Wannan karon baƙon ne ya biyo sawun faifan. Ta hannunsa ne kuma Fatu Seidi Ghali da ƴan uwanta na ƙauyen Illighadad, can wajen Abalak, suka fitar da nasu na farko a 2016, wanda aka ɗauka a sarari, fuska ɗaya gita, ɗaya tande.

Yau saurayin Barmu da ke jin yana da murya ba ya jiran ubangida ya tsufa. Ya shiga mota zuwa Tawa ko Ƙonni, ya biya ƴan jikkuna, mai fiyano ya buga masa kiɗa, kafin la'asar waƙa ta shiga WhatsApp, kafin kwana biyu ƴan garinsu da ke Abijan sun ji ta. In ana bukatar amshi, shi zai sake rerawa a ɗora bisa muryarsa, ko a kira yarinya guda, injin ya siranta su duka su koma kamar tsuntsaye. Ƴan amshin nan masu kaurin murya da ke tsayawa a baya, mai situdiyo bai ma tanadar musu makirfo ba.