Canary Wharf: Tarihin Unguwar Ofisoshi ta Gabashin Landan

Canary Wharf unguwa ce ta bankuna da manyan ofisoshi a gabashin birnin Landan, a yankin Isle of Dogs, inda kogin Thames ya yi kwana ya kewaye ƙasa ta ɓangare uku. Ita ce cibiyar hada-hadar kuɗi ta biyu a Birtaniya, bayan tsohon tsakiyar birni da ake kira City. Masu nazarin harkar gine-ginen kasuwanci na yawan kafa hujja da ita, saboda tun daga 1987 take nuna abu guda: dogon bene ana yanke shawarar gina shi ne lokacin da kasuwa ke ci, amma kafin a gama shi sau da yawa kasuwar ta juya.

Asalin wurin tashar jiragen ruwa ce, West India Docks, wadda aka buɗe a 1802 domin sauke sukari da sauran kayan da bayi ke nomawa a gonakin yankin Karibiyan. Daga baya wani sashe nata ya zama masaukin 'ya'yan itatuwa daga tsibiran Canary, inda sunan ya samo asali. Zuwan kwantena ne ya kashe tashar. Manyan jiragen da ke ɗauko ta ba sa iya shigowa wannan lungu na kogi, sai ciniki ya koma Tilbury da Felixstowe. A 1980 aka rufe tashar, 'yan dako suka rasa aiki, ɗakunan ajiya suka zama kango.

Gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa hukumar raya yankin, LDDC, a 1981. Shekara guda bayan haka aka ayyana Isle of Dogs a matsayin yanki na musamman: an ɗauke harajin gine-ginen kasuwanci na shekara goma, an ba mai gini damar cire kuɗin da ya kashe daga harajinsa, an kuma sassauta ƙa'idojin neman izini. Duk da wannan rangwame, ƙananan masana'antu da ofisoshi masu hawa kaɗan ne suka fara zuwa. Hukumar da kanta ba ta hango abin da ya wuce haka ba, shi ya sa ƙaramin layin jirgin ƙasa ta shimfiɗa, DLR, wanda ya fara aiki a 1987.

Abin da ya sauya lissafi shi ne gyaran da aka yi wa kasuwar hannun jari ta Landan ranar 27 ga Oktoba, 1986. Aka buɗe ƙofa ga bankunan waje, ciniki ya koma kan kwamfuta da waya. Bankunan Amurka da Japan suka shigo suna neman zauruka masu faɗi da za su ɗauki ɗaruruwan dillalai a hawa ɗaya, da rufi mai tsawo saboda wayoyi da na'urorin sanyaya ɗaki. Tsofaffin gine-ginen City ba su da wannan. Michael von Clemm na bankin Credit Suisse First Boston ne ya fara kawo shawarar amfani da kangon tashar, wani Ba'amurke, G. Ware Travelstead, ya faɗaɗa ta zuwa katafaren tsari, amma kuɗin aiwatarwa suka gagare shi. A 1987 kamfanin Olympia & York na 'yan'uwan Reichmann daga Toronto ya karɓi aikin.

Ba a banza Paul Reichmann, ɗaya daga cikin 'yan'uwan, ya shigo da ƙwarin gwiwa ba. A 1977, lokacin da birnin New York ke fama da talauci kuma masu kuɗi na gudunsa, kamfaninsa ya sayi dogayen benaye takwas da araha, darajarsu ta ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru. Ya kuma gina World Financial Center a bakin ruwan Manhattan, a filin da aka cike da ƙasa, ya samu manyan 'yan haya. Sau biyu ya saɓa wa ra'ayin jama'a, sau biyu ya yi nasara. Bankuna suka riƙa ba shi bashi saboda sunansa, wasu ba tare da sun ga cikakken lissafin kamfanin ba, domin kamfani ne na iyali da ba ya buɗe littattafansa.

Aka fara gini a 1988. One Canada Square, wanda César Pelli ya zana, mai hawa 50 da tsawon mita 235, an kammala shi a 1991, ya kuma riƙe kambun bene mafi tsawo a Birtaniya har zuwan benen The Shard. Sai dai kasuwar da aka gina shi dominta ta riga ta watse. Hannayen jari sun faɗi warwas a Oktoban 1987, bankuna suka rage ma'aikata. Kuɗin ruwa ya kai kashi 15 cikin ɗari a 1989, tattalin arziki ya shiga matsi. Ga kuma kishiya: hukumomin City, ganin za a janye musu bankuna, sun sassauta nasu dokokin gini tun tsakiyar shekarun 1980, masu gine-gine suka yi rububi, ofisoshi suka yi wa Landan yawa a lokaci guda. Kowane mai gini ya duba buƙatar da ke akwai ya ga riba, bai sa a lissafi cewa maƙwabtansa ma abin da suka gani ke nan ba.

Matsala mafi muni ita ce hanya. Ƙaramin jirgin DLR ba zai iya jigilar dubban ma'aikata ba, layin Jubilee na ƙarƙashin ƙasa kuwa, wanda kamfanin ya yi alkawarin ba da gudummawar fam miliyan 400 domin a tsawaita shi, yana kan takarda. Don jawo 'yan haya sai da aka riƙa yafe musu kuɗin haya na wani lokaci, wasu ma a ɗauke musu nauyin tsohuwar hayarsu. A watan Mayun 1992 Olympia & York ya durƙushe da bashin da ya kai kimanin dala biliyan 20, bankunan da suka ba da rance suka karɓe unguwar, benaye da dama babu kowa a ciki.

Ginin bai canza ba, farashinsa ne ya canza. A 1995 wata ƙungiyar masu zuba jari, cikinsu har da Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya, ta saye wurin kan fam miliyan 800, kuma wanda ya jagorance ta shi ne Paul Reichmann ɗin dai. Masu bashin farko da 'yan kwangila su ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bam ɗin da ƙungiyar IRA ta tayar a South Quay, kusa da unguwar, ranar 9 ga Fabrairu, 1996, wanda ya kashe mutum biyu, bai tsayar da farfaɗowar ba. Aka buɗe ƙarin layin Jubilee a 1999, shekarar da kamfanin da ke riƙe da unguwar ya shiga kasuwar hannun jari. Citigroup da HSBC suka tare a sababbin benaye a farkon shekarun 2000, Barclays ya biyo baya. Ana yawan yaba hangen nesan Reichmann, kuma ya cancanta, amma jirgin da gwamnati ta biya mafi yawan kuɗinsa ne ya mai da hangen nesan ya zama kuɗin haya.

Rikicin kuɗi na 2008 ya sake taɓa unguwar. Hotunan ma'aikatan Lehman Brothers suna fita daga 25 Bank Street da kwalaye a hannu, ranar 15 ga Satumba da bankin ya durƙushe, sun zagaya duniya. JP Morgan, wanda a wannan shekarar ya sayi fili a Riverside South domin gina hedikwata, ya jingine aikin, ya sayi ginin Lehman a 2010 kan fam miliyan 495. A 2015 Hukumar Zuba Jari ta Qatar da kamfanin Brookfield na Kanada suka mallaki kamfanin unguwar kan kimanin fam biliyan 2.6. Kafin annobar korona, masu aiki a wurin sun haura 100,000.

Annobar ta kawo wata irin barazana ta daban, domin wannan karon ba bankuna ne suka talauce ba, ma'aikata ne suka saba aiki daga gida, kamfanoni suka gano ba sa buƙatar tebur ga kowa. Ko buɗe layin jirgin ƙasa na Elizabeth a Mayun 2022 bai hana HSBC sanar da shirin barin benensa ya koma City ba a 2023, kamar yadda kamfanin lauyoyi na Clifford Chance ya riga ya yi. Tashin kuɗin ruwa ya rage darajar gine-ginen, masu unguwar suka zuba ƙarin fam miliyan 400 a ƙarshen 2023. Tun daga nan hankalinsu ya karkata ga gidajen kwana a Wood Wharf, ɗakunan binciken kimiyya, otal-otal da gidajen abinci, aka kuma fitar da tsarin sake fasalin benen HSBC domin ya ɗauki harkoki iri-iri. A Nuwamban 2025 JP Morgan ya sanar da niyyar gina sabon bene a filin Riverside South, wanda zai ɗauki ma'aikata har 12,000, aikin da aka ƙiyasta zai ci shekara shida.