Tarihin Amfani da Tsirrai Wajen Hasken Fata a Ƙasar Japan

Tun zamanin da, mutanen Japan suna ɗaukar farar fata a matsayin alamar kyau da asali. A zamanin Edo, watau daga 1603 zuwa 1868, mata sukan shafe fuska da wuya da wata farar hoda da ake kira oshiroi, wadda akan haɗa da dalma ko zaiba. Ban da wannan kuma, sukan ƙulle dusar shinkafa cikin ɗan ƙyalle su riƙa cuɗa fuska da ita wajen wanka, don fata ta yi sumul.

Sannu a hankali illar dalma ta fito fili. A shekarar 1887 wani shahararren ɗan wasan kabuki, Nakamura Fukusuke, ya kama makyarkyata yana tsakiyar wasa a gaban Sarkin Japan, aka kuwa danganta abin da gubar hodar da yake shafawa. Jarirai ma sun sha cutuwa daga hodar da ke jikin uwayensu. A 1934 hukuma ta kafa dokar hana hodar dalma.

Daga baya masana suka mai da hankali ga tsirrai. Wajen 1990 aka fara sayar da man shafawa mai ɗauke da arbutin, sinadarin da ake samu a ganyen wani ɗan tsiro na ƙasashen sanyi. Aikinsa shi ne rage ƙarfin abin da ke sarrafa melanin, watau launin da ke sa fata duhu. Jama'a suka saki jiki, a ganinsu abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa.

Amma a 2008 hukuma ta amince wa kamfanin Kanebo ya yi amfani da rhododenol, wanda asalinsa daga ɓawon itace aka gano shi. Cikin watan Yuli na 2013, kamfanin ya janye kayansa daga kasuwa, bayan da fatar masu shafawa ta fara yin dabbare-dabbaren fari. Mutane fiye da 19,000 abin ya shafa. An guje wa gara, an faɗa gidan zago.

Dalilin kuwa shi ne, sinadarin ya wuce rage launi, har ya kai ga kashe ƙwayoyin da ke yin launin. Ashe fitowa daga tsiro ba ta isa shaidar lafiya ba, sai an duba irin aikin da abin yake yi a jikin fata.