Yadda 'Yan Sha'awar Wayar Iska Suka Gano Amfanin Gajeren Zango

Duk mai murɗa akwatin rediyo da asuba yana neman sashen Hausa na BBC a kan gajeren zango, to yana cin moriyar wahalar da wasu mutane suka sha ne, waɗanda ba gwamnati ta ɗauke su aiki ba, ba kuma kamfani ba. Sha'awa ce kurum ta sa suke harhaɗa na'urorin wayar iska a ɗakunansu, suna aika wa juna saƙo da bugun tangaraho.

Bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic a 1912, Amurka ta kafa dokar da ta tsara amfani da wayar iska. Sojojin ruwa da kamfanoni suka kwashe dogon zango, aka bar wa 'yan sha'awa mita 200 zuwa ƙasa. A tunanin masana na lokacin, wannan fegi ne marar albarka, saƙo ba zai yi nisa a kansa ba. Wato dai an ba su ƙashi ne bayan an cinye tsoka.

A watan Nuwamba na 1921 ƙungiyarsu ta ARRL ta tura Paul Godley zuwa Birtaniya, domin ya saurara ko za a ji tashoshin Amurka daga ƙetaren Tekun Atlantika. Ya fara gwadawa a kusa da Landan, ƙarar da ke shiga na'ura ta hana shi jin komai. Sai ya tattara kayansa ya nufi Ardrossan, a gaɓar teku a ƙasar Sikotland. Can ya kafa tanti a fili, cikin ruwan sama da iska da sanyin hunturu, ya shimfiɗa doguwar waya a kan gajerun turaku tana fuskantar Amurka. A dararen da ya yi a wurin ya ji tashoshi fiye da 20, kuma tashar 1BCG ta jihar Konetikat ta isar masa da cikakken saƙo.

Abin lura a nan shi ne, yawancin tashoshin da aka ji ba masu tsohuwar na'urar tartsatsi ba ne, duk da ƙarfinta da ƙararta. Masu sabuwar na'urar kwalba ne, wadda sautinta siriri ne amma tsaf yake fita. A ganina wannan ya fi ƙetare tekun muhimmanci, domin ya nuna cewa zaɓen wuri mai shiru, da kyakkyawar eriya, da haƙurin sauraro cikin dare, sun fi tarin wutar lantarki aiki.

Sauran abin ya zo da sauri. A Nuwamba 1923, Léon Deloy daga birnin Nis na Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell a Amurka, a kan wajen mita 100. A Oktoba 1924 kuwa, Cecil Goyder daga Landan ya yi magana da Frank Bell a Niyuzilan. Daga baya binciken Edward Appleton ya tabbatar da dalili: akwai wani shimfiɗi a can sararin sama da ke maido da irin wannan igiya ƙasa, ta faɗa nesa.

Ganin haka sai gwamnatoci da kamfanoni suka dawo suna neman fegin da suka raina. A taron ƙasashe na Washintan a 1927 aka raba gajeren zango, aka keɓe wa 'yan sha'awa 'yan tsiraran wurare a mita 160 da 80 da 40 da 20.