Kujerar da Aka Tuɓe wa Riga: Tarihin Sake wa Tsofaffin Kayan Ɗaki Fenti

A tsakanin masu sha'awar tsofaffin kayan ɗaki a Turai da Amurka akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wani zai sayi tsohon kabad a gwanjo, ya kai shi gida ya lafta masa fenti shuɗi ko ja wur, ya ce ya raya abin da aka yar. Wani kuma ya gani ya riƙe baki, ya ce an lalata kayan tarihi. Dukansu biyu sun ɗauka cewa katako tsirara shi ne asali, fenti kuwa daga baya ya zo. Tarihin shekara ɗari uku bai goyi bayan wannan zato ba. Abin da ya nuna shi ne, ɓarnar da ba ta gyaruwa ta fi fitowa daga hannun masu kankare fenti fiye da masu shafa shi.

Kujerar da ake kira Windsor ita ce babbar shaida. An fara yin ta a Ingila a farkon ƙarni na 18, kafin tsakiyar ƙarnin kuma kafintocin Filadelfiya a Amurka suka ɗauke ta suka mayar da ita tasu. Ba da itace ɗaya ake haɗa ta ba. Mazaunin daga katako mai laushi ake sassaƙo shi domin ya fafu, ƙafafun daga mai tauri domin su ɗauki nauyi, bakan bayanta kuwa daga itacen da ke lanƙwasuwa idan an turara shi. Kowane itace da launinsa, saboda haka idan aka bar ta haka nan sai ta yi kama da rigar da aka ɗinka da ƙyallaye. Shi ya sa ake rufe ta da fenti tun tana sabuwa, galibi kore, daga baya aka shiga yin baƙi da ja da rawaya. Irin waɗannan kujeru George Washington ya saya ya jera a barandar gidansa na Mount Vernon. Idan fentin ya koɗe, mai gida yakan shafa wani a kai da launin da ake yayi, har kujera ɗaya ta tara riguna da dama, wata a kan wata.

A 1876 aka yi babban baje koli a Filadelfiya domin bikin cikar Amurka shekara ɗari da samun 'yanci, kuma daga nan sha'awar kayan kakanni ta kama masu hali. A shekarun farko na ƙarni na 20 dillalai suka bazu cikin ƙauyuka suna sayen tsofaffin kujeru. Su da masu saye a hannunsu sun ɗauki fentin a matsayin dauɗar zamani, sai suka riƙa kankare shi har ƙasa, su goge da samfefa, su shafa man sheƙi. Garin neman gira aka rasa ido: abin da ya fito fili shi ne haɗin gambizar itatuwan da kafintan asali ya ɓoye da gangan, kuma tare da fentin aka share sawun kayan aikinsa da tarihin gidajen da kujerar ta zauna. A 1975 masanin kayan ɗaki John Kirk ya fitar da littafi ga masu tara kayan da, inda ya ba su shawarar su sayi abu da tsufansa su ƙyale shi yadda yake. A yau, a gidajen gwanjo, kujerar Windsor mai fentinta na farko, ko da ya ɓaɓɓare, ta fi wadda aka kankare tsada nesa ba kusa ba.

Ingila ta maimaita wannan kuskure daga shekarun 1960 zuwa 1980. Kabad-kabad da ƙofofi na zamanin Sarauniya Victoria da aka yi da katako mai arha, tun asali fenti aka yi musu, wasu ma an zana musu jijiyoyi domin su yi kama da itace mai tsada. Da yayin katako tsirara ya zo, sai aka riƙa tsoma su cikin manyan tankunan ruwan soda mai cin fata, irin wanda ake haɗa sabulu da shi. Fentin ya fita, amma ruwan ya narkar da gam ɗin da ke riƙe gaɓoɓin, ya busar da katakon har ya tsattsage.

Masu buroshi su ma suna da nasu tarihin. A 1922 Syrie Maugham, matar marubuci Somerset Maugham, ta buɗe shagon ƙawata ɗaki a Landan, ta yi suna da ɗaukar tsofaffin kujeru da tebura ta cire musu sheƙinsu na asali, ta ɗauraye launin katakon ko ta shafe su da farin fenti. Ɗakinta na unguwar Chelsea, wanda ta mayar fari fat a 1927, ya zama abin kwaikwayo ga attajiran Ingila da Amurka. Ɓarnar da ake ɗora mata har yau ita ma daga cire sheƙin ta samo asali, domin ba a iya mayar da shi.

Amma fenti ya taɓa ɗaukaka kaya. A garin Utrecht na ƙasar Holan, Gerrit Rietveld ya ƙera wata kujera ta falankai da sanduna a wajajen 1918, ba tare da launukan da aka san ta da su ba. Sai a 1923 ya yi mata bayan ja, mazauni shuɗi, sanduna baƙaƙe masu bakin rawaya, daidai da ra'ayin ƙungiyar masu zane ta De Stijl, wadda Piet Mondrian yake cikinta. Da wannan riga ta biyu duniya ta san ta. Haka kuma a gidan gona na Charleston da ke Sussex, inda masu zane Vanessa Bell da Duncan Grant suka tare a 1916, sun yi ta zane a jikin tebura da kabad da ƙofofi marasa tsada. Yanzu gidan wurin adana kayan tarihi ne, kuma fentin nan ne ake zuwa kallo.

Yayin da ake ciki yanzu ya soma ne a ƙarshen shekarun 1980. Rachel Ashwell ta buɗe shagon Shabby Chic a Kalifoniya a 1989, a 1990 kuma Annie Sloan ta fito da fentin Chalk Paint a Ingila, wanda ke kama jikin katako ba sai an goge shi sosai ba. Bayan haka farashin manyan kayan ɗaki masu duhu, irin na mahogani, dangin maɗaci, ya faɗi warwas, domin gidaje sun ƙanƙance, matasa kuma ba sa son su. Ga kabad ɗin da babu mai saye, gwangwanin fenti ya kan zama abin da ya raba shi da juji. Sai dai buroshin bai tsaya nan ba, ya kai ga kayan Denmak na shekarun 1950 da 1960 waɗanda kyan katakonsu ne dukan darajarsu, har ga shi yanzu wasu sun mayar da cire wannan fenti sana'a.

Masu aikin adana kayan tarihi sun fitar da ƙa'ida daga wannan kai-komo: duk gyaran da za a yi, a yi wanda na baya zai iya warwarewa. Mai son sake wa kaya launi zai iya wanke shi, ya shafa siririn man sheƙi a matsayin shamaki, sannan ya ɗora fenti a kai, ta yadda abin da ke ƙasa zai zauna lafiya. Akwai kuma dalilin lafiya na barin samfefa. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, wadda sai a 1978 Amurka ta haramta sa ta a fentin gidaje da kayan ɗaki, ƙurarta kuwa guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara.

Wanda ya gaji kabad ɗin da mahaifiyarsa ta zo da shi ɗakin aure, tambayar da ta kamata ya fara yi ita ce: wace riga kafinta ya sa masa ranar da ya gama shi, kuma tana nan? Idan tana nan, ko fenti ce ko sheƙi, a bar ta. Idan ta riga ta tafi, babu laifi ga shuɗi ko ja.