Karen gida ko karen Jamus: Wanne ya dace da gidajen Jega, Aliero da Maiyama?

Satar dabbobi da hare-haren 'yan bindiga a sassan Jihar Kebbi sun sa magidanta na neman abin da zai farkar da su cikin dare. Mai rumbun albasa a Aliero, mai shago a Jega da mai garken shanu a ƙauyukan Maiyama duk tunaninsu kan kai ga kare. Zaɓin yawanci tsakanin iri biyu ne: karen gida da mafarauta suka saba da shi, da karen Jamus da ake kira karen 'yan sanda.

Karen Jamus ba tsohon iri ba ne. A shekarar 1899 wani hafsan soja mai suna Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar da ta tsara siffofinsa, domin kiwon tumaki a ƙasa mai sanyi. Namijinsa yakan kai kilo 30 zuwa 40. Yana da saurin ɗaukar horo da kwarjinin da ke sa ɓarawo ya canza shawara tun daga ƙofa. Sai dai gashinsa riɓi biyu ne, kuma a watannin Maris zuwa Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40. Idan aka ɗaure shi a tsakar gida babu inuwa da ruwa, zafin kaɗai na iya halaka shi. Kaska na ɓuya cikin gashin, ciwon ƙugu kuma gado ne a irinsa. Ba ya rayuwa a kan ragowar tuwo. Yana son nama ko abincin kanti, da mai fita da shi kullum. Wanda aka kulle babu motsi yakan zama haɗari ga yaran gidan da aka sayo shi ya tsare.

Karen gida siriri ne, gajeren gashi, ya saba da rana da ƙura, ba ya tsada. Aikinsa haushi ne, kuma ga yawancin gidaje abin da ake buƙata ke nan, domin babu karen da zai tare mai bindiga. Aibinsa yawo: yakan bi bola da mahauta, ya yi cuɗanya da karnukan da ba su da mai su.

A nan ne babban haɗarin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamomi sun bayyana, da wuya a tsira. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana haɗa allurar rigakafin, amma kai ta ƙauyuka nauyi ne na gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi, kuma tambaya ce da ta cancanci a yi wa kowane shugaban ƙaramar hukuma.

Akwai kuma batun addini. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta taƙaita ajiye kare ga tsaron gona, kiwo da farautar neman abinci, ko da yake malaman baya sun sassauta game da gadin gida idan akwai lalura. Mai gona da makiyayi a Maiyama ba su da wata matsala. Mazaunin tsakiyar Jega, inda katanga ke jingine da katanga, sai ya yi shawara da malaminsa da maƙwabtansa.

Karen Jamus ya dace da gida mai faɗi, mai katanga da inuwa, da mai gidan da zai iya biyan likitan dabbobi. Sauran gidaje karen gida ya fi musu, muddin an yi masa allura tun yana wata uku ana kuma sabuntawa duk shekara. Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti a ranar.